Darasi: Ƙarancin Sinadarin Kalsiyam a Jinin Jarirai da Yara

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana son kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin aikin da kalsiyam yake yi a jikin yaro;
2. lissafa jariran da suka fi shiga haɗarin ƙarancinsa;
3. gane alamominsa ga jariri da kuma ga yaron da aka yaye;
4. sanin abin da ake yi da abin da ba a yi idan yaro yana jijjiga;
5. tsara abincin da zai ishi yaro daga abin da ake samu a kasuwanninmu.

GABATARWA

Yankinmu na Sabuwa ƙasar noma ce. Daga Damari zuwa Machika, har ka dangana da Dandume da Faskari, masara da dawa su ne ƙarfin gida. Da safe koko, da rana ɗumame ko fate, da dare tuwo. Wannan abinci yana ƙosarwa, yana kuma ba da ƙarfin aiki. Sai dai akwai wani sinadari da jikin yaro yake nema kullum, wanda masara ba ta da shi sai ɗan kaɗan. Yaro yana iya cin tuwo ya ƙoshi sau uku a rana, amma ƙashinsa bai samu abin da zai ginu da shi ba. Wannan darasi zai nuna mana yadda hakan ke faruwa, da yadda za mu tare shi tun daga ciki har zuwa bayan yaye.

KASHI NA 1: MENE NE KALSIYAM?

Kalsiyam sinadari ne da jiki ba ya iya ƙera shi da kansa. Dole sai an ci shi a abinci. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ke jikin mutum yana cikin ƙasusuwa da haƙora, shi ne yake sa su tauri. Sauran kashi 1 ɗin yana cikin jini da tsoka. Duk da ƙanƙantarsa, aikinsa babba ne:

- da shi tsoka take motsawa ta kuma saki;
- da shi jijiyoyi suke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi;
- da shi zuciya take bugawa daidai;
- yana taimaka wa jini ya daskare idan an ji rauni.

Idan na cikin jinin ya yi ƙasa sosai, jijiyoyi sukan riƙa aika saƙo ba tare da an umarce su ba. Daga nan sai a ga tsoka tana rawa, ko tana ɗaurewa, ko yaro ya kama jijjiga.

AKWATIN MA'ANA
Kalsiyam: sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori, yake kuma taimaka wa tsoka da jijiya da zuciya su yi aiki.
Ƙarancin kalsiyam a jini: yanayin da awon jini ya nuna sinadarin ya sauka ƙasa da yadda ya kamata. Ba a tabbatar da shi da ido, sai da gwajin jini a asibiti.

KASHI NA 2: YADDA JIKI YAKE DAIDAITA SHI

Kowane magidanci ya san dangantakar rumbu da tukunya. Tukunya ba ta jira. Kullum sai an ɗora. Idan babu sabon hatsi da ke shigowa, sai a riƙa ɗiba daga rumbu har ya yi ƙasa. Haka jiki yake. Jini shi ne tukunyar, ƙashi shi ne rumbun. Idan abinci bai kawo kalsiyam ba, jiki zai ɗebo daga ƙashi ya zuba a jini, domin zuciya da numfashi ba sa jira.

Abubuwa biyu ne ke kula da wannan aiki.

Na farko, wasu 'yan ƙananan halittu guda huɗu da ke cikin wuya, kowacce ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Likitoci suna kiran su faratairod. Da zarar kalsiyam ya ragu a jini, sai su saki wani ruwa mai umartar ƙashi ya saki nasa, ya kuma hana ƙoda zubar da shi a fitsari.

Na biyu, bitamin D. Shi ne yake sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abincin da aka ci. Fatar jikin mutum ce take samar da mafi yawansa idan hasken rana ya taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su ƙarasa gyara shi. Saboda haka yaron da ke da ciwon ƙoda ko na hanta, ko mai yawan zawo na tsawon lokaci, yana iya samun ƙarancin kalsiyam ko da yana cin abinci mai kyau.

AKWATIN MA'ANA
Bitamin D: sinadarin da fata ke samarwa daga hasken rana, mai taimaka wa hanji tsotsar kalsiyam.
Faratairod: ƙananan halittu huɗu a wuya masu tsaron yawan kalsiyam a jini.

KASHI NA 3: JARIRAI SABABBIN HAIHUWA

Jariri yana samun kalsiyam daga uwarsa ta mabiyiya. Mafi yawansa, kusan kashi 80 cikin 100, yana shiga jikinsa ne a watanni ukun ƙarshe na ciki. Da an yanke cibiya, wannan hanya ta toshe. Kalsiyam ɗin jininsa yakan ɗan sauka a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, sannan ya hau da kansa idan yana shan nono. Ga mafi yawan jarirai wannan ba matsala ba ce. Amma ga wasu, saukar takan yi yawa.

A kwana ukun farko, waɗannan ne suka fi shiga haɗari:

- bakwaini, domin ya fito kafin ya gama tara rabonsa;
- jaririn da aka haifa da ƙaramin jiki sosai;
- jaririn da uwarsa ke da ciwon suga;
- jaririn da ya sha wuyar haihuwa, ya daɗe bai yi kuka ba.

Bayan kwana uku, musamman wajen ranar suna, dalilan sukan bambanta:

- ba jariri madarar shanu ko ta akuya a madadin nonon uwa;
- uwa mai ƙarancin bitamin D tun tana da ciki;
- ƙarancin wani sinadari mai suna magniziyam;
- matsalar faratairod da aka haifi yaro da ita.

A nan ɗalibi zai iya tambaya: ba madarar shanu ce mai yawan kalsiyam ba? Gaskiya ne, tana da shi fiye da nonon uwa ma. Amma tana ɗauke da wani sinadari mai suna fosfet da yawan gaske. Ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin da za ta fitar da shi ba, sai ya taru a jini ya danne kalsiyam. Abin da yake amfani ga ɗan shekara biyu yana iya cutar da ɗan kwana bakwai. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata shida, a kuma ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye.

MISALI NA 1

A ɗauka wata mai jego ta haihu a gida, kwana biyu nono bai kawo sosai ba. Surukarta ta sa a tatso madarar saniya a riƙa ɗura wa jaririn. Ma'aikaciyar lafiya ta zo duba su.

"Inna, me ake ba yaron nan?"

"Madara ce, 'yar nan. Uwar ba ta da nono, ga shi sai kuka yake."

"Inna, ki yi haƙuri a dakatar da ita. Wannan ɗan ruwan mai kauri da ke fitowa, dakashi, shi ne abincinsa na yanzu, kuma ya ishe shi, domin cikinsa ɗan ƙarami ne. A riƙa sa shi a nono dare da rana, tsotson ne yake kawo ruwan. Idan aka ga bai kama ba, ku kawo shi mu duba tare."

Darasin misalin: idan nono ya yi jinkiri, maganin shi ne yawan sa jariri a nono da neman shawarar ma'aikacin lafiya. Idan uwa ta rasu ko ba ta da lafiya, asibiti ne zai faɗi irin madarar jarirai da ta dace da yadda ake haɗa ta.

KASHI NA 4: ALAMOMI

Ga jariri:

- rawar hannu da ƙafa ko ta haɓa, da yawan zabura;
- fizgar fuska ko ta gefen baki;
- ƙin kama nono, amai, ko kasala;
- numfashi mai ƙara kamar shaƙewa, ko ɗaukewar numfashi har leɓe ya canza launi;
- jijjiga.

Ga yaron da ya yi wayo:

- jin kamar kiyashi na bin leɓensa ko yatsunsa;
- ɗaurewar tsoka a ƙafa ko ciki;
- yatsun hannu su haɗe su sanƙare, babban yatsa ya shige tafin hannu;
- jijjiga ba tare da zazzaɓi ba.

A kula da kyau: waɗannan alamomi ba na ƙarancin kalsiyam kaɗai ba ne. Zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau, ƙarancin suga a jini, ciwon sarƙewar haƙora mai shiga ta cibiya, da farfaɗiya, duk suna kawo jijjiga. Wasu jariran kuma ba sa nuna wata alama sai an gwada jininsu. Don haka ba aikin gida ba ne a yanke hukunci. Aikin gida shi ne a gane haɗari a yi sauri.

KASHI NA 5: IDAN YARO YANA JIJJIGA

Abin da ake yi:

1. A kwantar da shi a gefensa, a wuri mai laushi, nesa da wuta da ruwa.
2. A sassauta masa tufafi, a bar iska ta shiga.
3. A duba agogo ko waya a san tsawon lokacin da ya ɗauka.
4. A kai shi asibiti mafi kusa nan take. Jijjigar jariri, ko ta minti ɗaya ce, ba ta jiran wayewar gari. Ga babban yaro, jijjigar da ta kai minti 5 haɗari ce babba.

Abin da ba a yi:

1. Kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa.
2. Kada a ɗura masa ruwa, ko manja, ko jiƙo, ko rubutu yana cikin wannan hali, domin zai iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi.
3. Kada a yi masa hayaƙi, kada a kanga ƙafarsa a wuta.
4. Kada a danne shi da ƙarfi.

Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin ana cewa iska ce ta taɓa yaro. Addu'a abin riƙo ce ga kowane musulmi, kuma ana yin ta a kan hanyar asibiti. Neman magani ba ya hana ta.

A asibiti za a ɗebi jini a auna kalsiyam da suga, a duba zazzaɓi. Idan kalsiyam ne ya yi ƙasa sosai, ana ba da shi ta jijiya a hankali, ana lura da bugun zuciya, domin idan aka tura shi da sauri yana iya tsayar da ita. Wannan allura ba ta mai kemis ba ce, ba kuma ta gida ba ce. Idan ƙaramin asibiti ba shi da kayan gwajin, zai tura ku Babban Asibitin Funtua, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Tun da tafiyar dare a yankinmu tana da wuya saboda matsalar tsaro, ya kamata maigida ya tanadi kuɗin mota da lambar mai abin hawa tun kafin matarsa ta haihu.

KASHI NA 6: BAYAN YAYE, CIWON LAUSHIN ƘASHI

Yaron da aka yaye aka bar shi da koko da tuwo kaɗai ba lallai ne ya yi jijjiga ba. Jikinsa zai yi ta ɗiba daga ƙashi a hankali, wata da watanni, har ƙashin ya yi laushi ya kasa ɗaukar nauyinsa.

AKWATIN MA'ANA
Ciwon laushin ƙashi: ciwon yara masu tasowa, inda ƙashi ba ya yin tauri saboda ƙarancin kalsiyam, ko na bitamin D, ko duka biyun. Likitoci suna kiran sa rikets.

Alamominsa: ƙafa ta lanƙwashe kamar baka ko ta yi gwame, wuyan hannu ya yi kauri kamar ya kumbura, 'yan ƙulle-ƙulle a jere a kan haƙarƙari, maɗiga ta daɗe ba ta rufe ba, jinkirin tafiya da fitar haƙori, ciwon ƙafa har yaro ya riƙa ƙin wasa. Ɗan lanƙwasar ƙafa ga yaron da bai kai shekara biyu ba abu ne da aka saba gani, ƙafar takan miƙe da kanta. Amma idan tana ƙaruwa, ko tana ciwo, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, a kai shi a duba.

An daɗe ana ɗauka cewa wannan ciwo na ƙasashen sanyi ne, inda rana ba ta fitowa sosai. To me ya sa ake ganin sa a Nijeriya, inda rana ta wadata? Likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ƙarƙashin jagorancin Dokta Tom Thacher, sun bincika wannan tambaya, aka buga sakamakon a 1999. Sun duba yara 123 masu ciwon, suka tarar abincinsu, wanda galibi masara ce ba madara, yana ba su kalsiyam kimanin miligiram 200 kacal a rana. Suka raba su gida uku na tsawon mako 24: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun. Waɗanda suka samu kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba. Daga baya, a Jos ɗin dai, an gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙashinsa, shi ma ya warkar da yara.

Wannan bincike ya shafe mu kai tsaye, domin abincin yaran Jos ɗin bai bambanta da na yaranmu ba. Ya kuma nuna cewa ciwon yana warkewa. Magani yakan ɗauki aƙalla wata uku, wani lokaci shida, kuma ƙafafun ƙananan yara da yawa sukan miƙe a hankali ba tare da tiyata ba idan an fara da wuri.

KASHI NA 7: ABINCIN DA KE GINA ƘASHI

A 2016 masana daga ƙasashe daban-daban sun fitar da matsaya ɗaya game da yaron da ya wuce shekara ɗaya: idan yana samun ƙasa da miligiram 300 a rana, yana cikin haɗari, idan ya haura 500, ya samu abin da zai kare shi.

Ga inda ake samun kalsiyam a wajenmu:

- kindirmo da nono da madara da cuku;
- ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙashinsu, da kifin gwangwani mai laushin ƙaya;
- kuka da zogale da lalo;
- riɗi, ko a miya ko a kantu;
- tamba, wadda ta fi sauran hatsi kalsiyam sosai;
- wake da waken suya, gwargwado.

Abubuwan lura guda huɗu. Ɗaya, ɗanyar madara sai an tafasa ta kafin a ba yaro. Biyu, nonon da aka tsinka da ruwa ya rage amfani. Kindirmo mai kauri ya fi. Uku, dusar hatsi tana da wani sinadari mai riƙe kalsiyam ya hana hanji tsotsarsa, kuma jiƙa hatsi da barin kamu ya yi tsami suna rage shi. Huɗu, kanwa da farar ƙasa ba sa maye gurbin waɗannan abinci, kuma yawan kanwa yana cutar da zuciyar mai jego.

MISALI NA 2

Yaro ɗan shekara uku yana cin koko da tuwo kaɗai. A ɗauka yana samun miligiram 200 kamar yaran Jos.

Abin da ake nema: 500. Abin da yake samu: 200. Giɓi: 500 − 200 = 300.

Kofi ɗaya na madara ko kindirmo, wato mililita 250, kimanin rabin ledar fiya wata, yana da kusan miligiram 300.

200 + 300 = 500. Kofi ɗaya a rana ya rufe giɓin.

MISALI NA 3

Wani magidanci yana da ƙananan yara biyu, kuɗinsa na kofi ɗaya ne kawai. Satar shanu ta sa nono ya yi tsada, ga shi rani ne, shanu ba sa kawowa. Idan aka raba kofin biyu, kowane yaro ya samu 150.

200 + 150 = 350. Sun fita daga ƙasa da 300, amma saura 150 su kai 500.

Uwargida za ta iya cike sauran haka: ta soya ƙananan kifi sama-sama, ta daka su lukui da kai da ƙashi, ta tankaɗe da rariya don kada ƙaya ta saura, ta adana a kwalba mai murfi. Kullum ta zuba cokali ɗaya ko biyu a miyar yaran ko a fatensu. Ta yawaita miyar kuka, ta riƙa kwaɗon zogale da riɗi. Buhun masara ɗaya da aka sayar a kasuwar Dandume aka juya kuɗin zuwa kifi da nono zai yi wa yaran amfanin da ƙarin tuwo ba zai yi ba.

KASHI NA 8: RIGAKAFI TUN DAGA CIKI

Mai ciki ta riƙa zuwa awo, a gwada mata suga da hawan jini. A wuraren da abinci ba shi da isasshen kalsiyam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba masu ciki ƙwayar kalsiyam, domin tana rage haɗarin hawan jinin ciki mai kawo jijjiga. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin.

Mai ciki da mai jego su riƙa fitowa tsakar gida su sha hantsi, hannu da fuska a buɗe. Matar da ke kulle ba ta buƙatar fita waje don wannan. Tsakar gidanta ta isa. Yara masu rarrafe da masu tafiya a bar su su yi wasa a fili. Jariri sabon haihuwa kuwa ba a shanya shi a rana mai zafi. Nonon uwa ba shi da bitamin D da yawa, don haka likita yana iya rubuta wa jariri ɗigonsa, musamman bakwaini.

TAƘAITAWA

- Jini yana buƙatar kalsiyam kullum. Idan abinci bai kawo ba, ƙashi ne ke biya.
- Bakwaini, ɗan mai ciwon suga, da wanda ya sha wuyar haihuwa sun fi shiga haɗari.
- Nonon uwa zalla har wata shida. Ban da madarar dabba.
- Duk jijjigar jariri ta asibiti ce, nan take.
- Bayan yaye, kowace rana yaro ya samu nono, ko garin kifi, ko ganye mai kalsiyam.

TAMBAYOYIN BITA

A. Cike gurbi
1. Kashi ______ cikin 100 na kalsiyam yana cikin ƙashi da haƙora.
2. Fata tana samar da ______ idan rana ta taɓa ta.
3. Ana ba jariri nonon uwa zalla har wata ______.

B. Gaskiya ko ba gaskiya ba
4. Madarar shanu ta dace da jariri ɗan kwana bakwai.
5. Ana sa cokali a bakin yaro mai jijjiga.
6. Ciwon laushin ƙashi yana warkewa idan an fara magani da wuri.

C. Amsa a taƙaice
7. Kawo jarirai iri uku da suka fi shiga haɗari a kwana ukun farko.
8. Faɗi alamomi huɗu na ciwon laushin ƙashi.
9. Me binciken Jos na 1999 ya gano?

D. Lissafi
10. Yarinya tana samun miligiram 250 a rana. Nawa ya rage ta kai 500? Idan aka ƙara mata rabin kofin kindirmo, nawa ta samu, nawa kuma ya saura?

E. Aikin gida
11. Rubuta duk abin da ƙaramin yaron gidanku ya ci jiya daga safe zuwa dare. Ja layi a ƙarƙashin masu kalsiyam.
12. Tambayi farashin kofin kindirmo da na gwangwanin ƙananan kifi a kasuwarku. Ku kawo amsar aji, ku tsara abincin mako ɗaya na yaro ɗan shekara biyu tare da malaminku.